Gurbin da Inna Saude Ta Bari a Waƙarta

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, Shi da ya ba ɗan Adam harshe, ya kuma ba shi ikon riƙe shi.

Sunana Balarabe Idi, mutumin Tiga ta ƙasar Bebeji. Na yi shekara talatin da biyu ina gadin ƙofar ma'aikatar ruwa, na ajiye aiki ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba. Ina da shekara hamsin da ɗaya na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun ranar da na karɓi takardar shaida ban sake dangwala yatsa a tawada ba. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san cewa abin da ke tafe da hannuna na rubuta shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a makon da ya wuce na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo ya saka waƙar nan da kowa ya sani, "Ruwa Ya Ci Hanya". Da ta ƙare sai ya ce waƙar gargajiya ce, ba a san wanda ya ƙaga ta ba. Ni na san wadda ta ƙaga ta. Sunanta Saude, muna ce mata Inna Saude, kuma tsakanin gidana da nata babu komai sai dangar kara. A lokacin da mutumin yake wannan magana tana zaune a kan tabarma tana tsince gero, ita kaɗai, kamar yadda take kullum.

An haife ta a wata ruga da ake kira Tsamiya Biyu. Kada mai karatu ya nemi wurin a yau, domin yana ƙarƙashin ruwan dam, masunta suna wucewa ta kansa da kwalekwale. Mutanen rugar Fulani ne masu kiwo da noma. Sun daɗe a nan har Hausa ta fi Fillanci yawa a bakinsu, amma akwai abin da ba su saki ba, wato kunyar ɗan fari. Ga wanda bai taso a cikinta ba, ga yadda take. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama su ci abinci tare, idan ya shigo sai ta kawar da kai. Da an yaye shi sai a miƙa shi ga wata a dangi ta raine shi. Manya sun san ba ƙiyayya ba ce. Yaron ne ba kullum yake sani ba.

Ɗan farin Inna Saude namiji ne. Yayar mijinta ce ta raine shi, shi ya sa kowa yake ce masa Ɗan Goggo. Na san sunansa na yanka, amma ba zan rubuta shi ba, kuma kafin a kai ƙarshe za a ga dalili.

A shekarar 1974 ruwan dam ya fara hawa. Aka ba mutane sabon wuri a nan gefen Tiga, amma wurin na gida ne da gona, ba zai ɗauki garke ba. Dangin mijinta suka yanke shawarar kora shanu kudu. Mijin ba shi da ƙoshin lafiya, sai ya zauna. Ɗan Goggo, mai shekara goma sha bakwai, aka ce ya bi shanun.

Ranar tafiya, da hantsi, duk ruga ta fito rakiya. Ana ɗora wa jakuna kaya, mata suna kuka. Shi kuwa ya je bakin bukkar uwarsa da sandarsa a kafaɗa, ya yi sallama. Tana ciki tana dama fura. Ta amsa sallamar ba ta ɗago ba, domin surukanta suna tsaye suna kallo, kuma haka aka koya mata. Ya ɗan jira. Da ya ga ba za ta fito ba sai ya juya. Furar nan tasa ce, guzurinsa take damawa. Da ta cika gora ta ba wata mata ta bi shi da ita, matar ta tarar sun riga sun ƙetare rafi. Gorar ta dawo a cike.

Daga wannan gora waƙar ta fito. Baiti huɗu ce, ga na farko:

Ruwa ya ci hanya, ya ci tsamiya,
Ya ci turken da na ɗaure ɗan maraƙi,
Na dama fura ta kwana ta yi tsami,

A nan sai ta yi shiru. Ta buga ludayi a bakin ƙwarya sau uku, ta saurara kamar tsawon numfashi biyu, sannan ta rufe da cewa, "wa zai sha?" Kowane baiti haka yake ƙarewa. A cikin bugun nan uku sunan yake, tana kiransa a zuci bakinta a rufe, kuma sauraren da ke biyo baya jiran amsa ne. Ban san haka ba sai bayan shekara talatin.

Na fara jin waƙar a bakin ƙofar da nake gadi, domin a nan ƙarƙashin darbejiya take ajiye ƙwaryarta tana sayar wa ma'aikata fura da nono. Idan ciniki ya lafa sai ta riƙa yin ta ƙasa-ƙasa. A 1976 wani ma'aikacin rediyo ya zo daga Kano da inji mai faifai biyu masu juyawa, yana tattara waƙoƙin ƙauye. Ya tsaya shan fura, sai ya ji ta. Ya roƙi ta maimaita a gaban injin, ta ƙi.

Ya ce, "Baiwar Allah, duk inda akwai rediyo za a ji ki, har dajin da makiyaya suke."

Ina tsaye na ga ta ajiye ludayin ta dube shi. Ta ce, "Har kudu?"

Ya ce, "Har kudu."

Ta gyara zama ta yi masa ita daga farko har ƙarshe. An saka ta sau biyu ko uku a wani shiri na rana, aka ce "wata Bafulatana daga Tiga", domin ita ma ta ji kunyar ba da sunanta. Daga nan faifan ya shiga ɗakin ajiya. Wannan shi ne naɗi na farko, kuma babu alamar ya isa inda ta aika shi.

Amma wani ya ji. Makaɗin kukuma ne, ana ce masa Maikano. A 1985 ya fitar da kaset da waƙar a gefen farko. Shi makaɗi sana'arsa ita ce ya sa sunan mutum a inda za a ji shi. Da ya tarar da wuri a buɗe a tsakiyar waƙa mai daɗi, bai ga komai ba sai gurbin da aka manta ba a cika ba. Ya sa sunan wani Alhaji mai motocin haya da ya taɓa ba shi babur, ya kuma mayar da "wa zai sha?" ta koma "kai za ka sha". Ban ga laifinsa da yawa ba. Yadda aka koya masa aiki ya yi.

Ranar da kaset ɗin ya iso Tiga, a rumfar mai shayi muka ji shi. Inna Saude ta saurara har ƙarshe, sannan ta kira ni da sunan da take kirana har yau.

"Maigadi, wannan Alhajin wane ne?"

Na ce, "Mai motoci ne a Kano, Inna."

Ta ce, "Na taɓa dama masa fura ne?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Kaset ɗin ya yi kasuwa, kuma daga nan duk mawaƙi ya gane cewa waƙar tana da wurin da za a sa kowa. Wani mai garaya ya sa sunan sarkin mafarautansu. Mata masu kiɗan ƙwarya suka mayar da ita ta biki, kowace amarya da sunanta. A lokacin siyasa na ji ta da sunayen 'yan takara biyu masu adawa da juna a rana ɗaya, a kasuwar Kwanar Dangora, lasifika tana fuskantar lasifika.

A 1988 mijinta ya rasu, Ɗan Goggo ya zo ta'aziyya. Ya zama dogon mutum mai ƙarancin magana. Gidansu ba shi da zaure, sai na yi masa shimfiɗa a nawa. Kwana uku ni nake kai abinci tsakaninsu. Ita ta miƙo ta kan danga ta ce, "Kai wa baƙon nan naka." Shi ya karɓa ya ce, "A gode wa masu gida." Ko sau ɗaya ba su haɗa ido ba.

A rana ta uku muna zaune a ƙofar zaure da la'asar, mai shayi ya saka kaset ɗin Maikano. Ɗan Goggo ya karkata kunne ya ce, "Wannan waƙar har Mambila ana jin ta. Mai kuɗi ya more, har a waƙa ana dama masa fura."

Maganar ta zo mini har leɓe: ai mahaifiyarka ce ta yi ta. Na haɗiye. A wurinmu waƙa ta maroƙa ce, kuma na ga rashin ɗa'a ne a ce wa mutum a zaman makokin ubansa, ga uwarka can a takaba, muryarta ce aka mayar kirarin wani Alhaji. Na yi shiru don in girmama su duka biyu. Washegari ya tafi. Ta aiko da gorar fura, wannan karon ta same shi, ya karɓa ya ce a gode. Bai sake zuwa ba. A duk shekarun gadina ban bar abin da bai kamata ba ya shiga ƙofa, amma a ranar nan na tsare abin da ya kamata ya wuce.

A 2005 waƙar ta shiga fim. Wani matashin mawaƙi mai suna Jamilu ya yi ta a situdiyo da fiyano, ya sa sunan jarumar labarin, Bushra, ta zama waƙar soyayya. Wannan naɗin ya fi duk na baya tafiya. A unguwarmu kaɗai 'yan mata huɗu aka raɗa wa Bushra a shekarar. Masu tallar gyaɗa suna rera ta, suna wucewa ta ƙofar gidan wadda ta yi ta.

Wata safiya ta kira ni ta kan danga. Lokacin shekarata biyu da samun takardar shaida.

"Maigadi, an ce yanzu kai ma malami ne."

Na ce, "Wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba."

"To ɗauko biro ka zagayo."

Na zagaya da littafina. Tana faɗa ina rubutawa, har muka zo wurin da take yin shiru. Na ce, "A nan me zan rubuta?"

"Ba komai. Bar wuri."

"Kamar yaya faɗinsa?"

Ta ɗora yatsunta uku a kan takardar, na zagaye su da biro. Na ce, "Inna, kowa ya sa nasa sunan a nan. Ke naki na wane ne?"

Ta juya fuska wajen dam ta ce, "Kai da ka yi masa shimfiɗa a zaurenka kake tambayata?"

A nan na gane Ɗan Goggo take nufi. Sai na gaya mata abin da ya faru a ƙofar zaure shekara goma sha bakwai da suka wuce, da maganar da na haɗiye. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce da ita ce ma haka za ta yi. Na ce to bari in rubuta masa wasiƙa, in ba dillalan shanu, in bayyana masa komai.

Ta ce, "Ba ya karatu. Wani ne zai buɗe ta a tsakiyar karar shanu ya karanta da ƙarfi, wai mace tana kiran ɗanta na fari. So kake a yi mini dariya a ƙasar da ban taɓa zuwa ba? Ni abu ɗaya nake so. Ya ji ta yadda na yi ta. Idan ya ji zai gane, ya san bugun ludayina."

Sau uku na hau mota zuwa Kano neman faifan farko. A zuwa na uku wani dattijon ma'aikaci ya gaya mini cewa rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo a wata damina, faifai da yawa sun lalace, har da nata. Na dawo na ɗauko rikodata da sabon kaset, na ce ta sake yi. Ta kalli rikodar ta ce, "Na ba inji muryata sau ɗaya, ya dawo mini da Alhaji, ya sake dawowa da budurwa. Ɗauke abinka."

Haka shekaru suka yi ta wucewa. 'Ya'yanta mata biyu ne bayan Ɗan Goggo. Ɗaya tana aure a Ba'awa, tana zuwa da salla ta kwana biyu. Ɗayar ta rasu a Doguwa. Da gwiwa ta gaza sai ta daina zuwa ƙarƙashin darbejiya. Tsofaffin Tsamiya Biyu suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya zama babu wanda za ta ce wa "ka tuna" ya ce ya tuna. Da rani, idan ruwan dam ya ja baya, takan tambayi masu kawo kifi ko sun ga kan wani busasshen itace a tsakiyar ruwa. Wasu su ce sun gani don su faranta mata, wasu su ce ba su kula ba. Ni ma matata ta rasu a cikin waɗannan shekaru, 'ya'yana suna Kano da Zariya. Muka zama tsofaffi biyu, danga a tsakani, kowa yana jin tarin ɗan'uwansa.

A daminar 2021 zazzaɓi ya kwantar da ita kwana goma sha ɗaya. Ranar da ta fara zama da kanta ta ce, "Maigadi, nemo mini mutumin nan da ya sa budurwa."

Na ce, "Me ya sa shi? Ai wayata ma tana ɗaukar murya."

"Idan kai ka ɗauka wa zai ji? Daga kai sai kajinka. Shi ake ji. Shi ya kai ta inda ba ita ba, shi zai kai ta inda take so."

Na rubuta wa Jamilu wasiƙa mai shafi biyu, na ba direban motar Kano. Shiru. Na rubuta ta biyu. A ta uku na sa masa baitin farko da gurbin yatsu uku a zagaye, na ce idan yana son sanin abin da ya rufe da sunan Bushra, ya zo Tiga ya tambayi gidan tsohon maigadi. Bayan mako biyu ya zo, shi kaɗai, da jaka a kafaɗa. Ba matashi ba ne kuma. Ya yi tumbi, furfura ta fito masa a gemu, ya ce mini yanzu yara ne suke yayi, shi sai jefi-jefi ake nemansa.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya kawo turmin atamfa da kwalin madara, ta sa albarka ba ta taɓa su ba. A zaure na riga na yi masa bayanin komai, don kada ya sa ta faɗa da bakinta. Duk da haka da ya kafa makirfo a gabanta sai ya ce, "Inna, da za ki daure ki faɗi sunan sau ɗaya kawai, ai da saƙon ya fi saurin isa."

Ta ce, "Kai na nawa ne a ɗakinku?"

"Ni ne na fari, Inna."

"Uwarka tana kiran sunanka?"

"Hajiya? Idan ta ƙwala mini kira har maƙwabta sai sun amsa."

Ta ce, "To Allah ya shirya mutanen birni. Kunna abinka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kunna. Ta jawo ƙwarya da ludayi. Muryar ta tsufa, tana rawa a wuraren da a da take miƙewa, amma bugun ludayin bai canja ba ko kaɗan. Ta yi baiti huɗu, ta yi shiru huɗu. A cikin shirun ana jin kurciya a kan danga da injin ban-ruwa daga nesa. Da ta gama ta ce ta gaji, ta shiga ɗaki.

Muka koma zaure. Jamilu ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini muryar a zane, tana hawa tana sauka, sai a wurare huɗu layin ya miƙe ba motsi. Ya ce, "Baba, mutanen yanzu ba su da haƙuri. Idan suka ji shiru mai tsawo haka za su zaci waya ce ta tsaya, su wuce. Bari in ɗan rage, in bar bugun."

Na ɗora hannuna a kan nasa. Na ce, "Malam Jamilu, an yi shekara talatin da shida ana gyara wa matar nan waƙarta. Wurin nan da kake son ragewa, a nan take jiran a amsa mata. Idan ka rage, ina mai amsawa zai sa bakinsa?"

Ya janye hannunsa, bai taɓa komai ba. Na nemi alfarma ɗaya, ya naɗi muryata a farkon waƙar. Na karanta daga takardar da na shirya: "Wannan waƙa ta Saude ce ta rugar Tsamiya Biyu, wadda ruwan Tiga ya rufe. Ga ta yadda mai ita ta yi ta." Sannan na faɗi lambar wayata sau biyu, a hankali. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, domin iyakar abin da ta yarda ke nan.

Jamilu ya saka ta a shafukansa. Ba ta yi kasuwa ba. Ya bugo mini ya karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Wani ya ce tsohuwa ta manta baiti. Wata ta ce ina Bushra. Ban gaya wa Inna Saude ko ɗaya ba. Na je wurin mai cajin waya na sa ya zuba mini ita a memori ashirin, na riƙa hawa mota ranar kasuwa zuwa karar shanu ta Tudun Wada. Duk direban da zai yi kudu ko gabas na ba shi ɗaya, na ce ya tura wa makiyaya a duk karar da ya sauka. Wasu sun karɓa da girmamawa, wasu na san a aljihu ta ƙare.

Ba ta taɓa tambayata ko an samu labari ba. Sai dai duk lokacin da wayata ta yi ƙara, ina jin motsinta ya tsaya a bayan danga har sai na gama magana.

Bayan wata goma sha ɗaya, ranar wata Laraba da hantsi, saƙon murya ya shigo daga lambar da ba ta ƙasar nan ba, ta Kamaru ce. Na saurara ni kaɗai a zaure, sannan na wanke fuska na zagaya. Tana zaune a tabarma. Na ce, "Inna, an aiko da saƙo." Na ajiye wayar a tsakaninmu na danna.

Da farko kukan shanu ne da iska. Sai waƙarta ta fara, daga wata wayar da aka kara kusa. Ruwa ya ci hanya, ya ci tsamiya. Ta kai wurin, ludayi ya bugu sau uku, shirun ya buɗe. A cikinsa muryar wani dattijo ta ce, "Na'am."

Inna Saude ta juya fuskarta ga danga, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskar da ke wajen wayar, daidai yadda za ta yi da ya shigo gidan da ƙafarsa. Baiti na biyu, ya ce na'am. Na uku, ya ce na'am. A na huɗu ya makara, shirun ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗa. Da Jamilu ya rage wurin nan, da wannan ba ta samu shiga ba. Da waƙar ta ƙare ya yi gyaran murya ya ce, "Maigadi, na gane ka. Ƙafa ta hana ni doguwar tafiya, amma idan damina ta ɗauke zan gwada. Ka gaida mai furar."

Can ta ce, fuskarta tana ga danga, "Shanun mutumin nan sun ƙoshi. Ji kukansu."

Na ce, "Sun ƙoshi, Inna."

Ta ce, "Sake sa."

Na yi ƙoƙari na tattara duk naɗin waƙar nan da na sani, daga na ma'aikacin rediyo zuwa yau, na samu ashirin da uku. An sa sunan attajiri a gurbin nan, an sa na mafarauci, da na 'yan takara, da na amare da ba su ƙirguwa. Shi ya sa ban rubuta sunan Ɗan Goggo ba, ba zan zama na gaba da zai cika mata wurin ba. Naɗi na ashirin da uku shi ne saƙon da ke cikin wayata. Mutum uku suka san da shi, kuma da izininta na ba da labarinsa, ta ce in rubuta abin da na ga dama tun da ba za ta iya karantawa ba. Ina roƙon mai gabatar da shirin nan, idan wannan takarda ta iso gare shi, ya gyara maganarsa.

Damina biyu ta ɗauke tun daga ranar, bai zo ba. Lambar wani lokaci tana shiga, wani lokaci a ce tana inda babu sabis. Sau biyu muka yi magana da shi, na miƙa mata wayar ta ƙi karɓa, shi ma bai ce a ba ta ba. Kullum da hantsi nakan zagaya, in tarar ta dama fura, in ajiye wayar in danna, ta juya ga danga.

Jiya kwana biyu ke nan babu wuta, wayar ta mutu. Na je na gaya mata, na ce bari in kai caji kasuwa in dawo. Ta ce in zauna, ba komai. Ta jawo ƙwarya ta yi baitin farko da kanta, ta buga ludayi sau uku. Muka yi shiru mu biyu, muka ba shi lokacinsa.